GILASHIN KASHE ƘYALLI: JAN HANKALI GA MASU ƊAUKAR BIDIYO



Abin da ya sa muka nemi wannan fili shi ne kukan da ake ta kawo mana a shago. A biya yaro kuɗi ya ɗauki walima ko zanen suna a tsakar rana, a aika gida Arewa, sai a ga sama ta yi fari fat, goshin kowa na walƙiya, ango na cikin mota amma gilashi ya ɓoye shi. To jama'a, ranar biki ba ta dawowa, kuma mai sana'ar da aka yi wa shaidar ɓata aiki ba a sake kiransa.

Maganin wannan wani ɗan gilashi ne da ake murɗawa a bakin kyamara, masu sana'a na ce masa folaraiza. Wani Ba'amurke, Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937, shi ya yi fice wajen samar da irinsa mai araha. Aikinsa shi ne tare hasken da ke tashi daga kan ruwa, gilashi, ganye da fatar da ta yi gumi. Amma ba ya kashe ƙyallin tsuran ƙarfe.

In za ku saya, ku nemi mai rubutun CPL, ku kuma duba lambar bakin kyamararku, ko milimita 52, ko 58, ko 67, don kada ku yi asarar kuɗin mota. Bayan an ɗaura, sai a riƙa juya zoben a hankali ana kallo har ƙyallin ya kwanta. Ya fi aiki idan rana na gefen kafaɗarku. In tana gabanku ko bayanku, shuɗin sama ba zai fito sosai ba.

Sai dai akwai abu uku da za a kiyaye. Na farko, yana cinye fiye da rabin hasken da ke shiga, saboda haka da an shiga ɗaki ko magariba ta kawo jiki, a cire shi. Na biyu, bidiyo ba hoto ba ne: in kuna juya kyamara daga gabas zuwa kudu, launin sama zai riƙa sauyawa, don haka a gwada tun kafin baƙi su hallara. Na uku, kada a murɗa har ƙarshe. Alhajin da ya kashe kuɗi ya ɗinka shadda, sheƙinta yake so a gani, in kuka dusashe masa ita kun ja wa kanku magana.

Mu iyayen gida kuma, mu taimaka wa yaranmu su mallaki wannan ɗan abu, don kuɗinsa bai kai asarar aiki ɗaya ba.

Allah Ya sa albarka a neman kowa. Wassalam.