Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Lissafin Kasuwa Da Na Makaranta

Hakimai sun sha jin wannan magana daga bakin iyayen yara sa'ad da aka fita neman 'yan makaranta. Uba ya kan ce ɗansa ya riga ya iya lissafi, tun da yana talla ba a taɓa cutarsa ko da kwabo ba, to, me malami zai ƙara masa? Maganar nan ba ta banza ba ce, har masana sun bincike ta, abin da suka samu kuwa ya kamata ya kai kunnen kowane mai riƙe da ƙasa.

A watan Fabrairu na 2025 mujallar kimiyya mai suna Nature ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a biranen Kalkata da Delhi na ƙasar Indiya. Cikin waɗanda suka yi shi har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda aka ba lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Sun jarraba yara 1,436 masu saye da sayarwa a kasuwa. Dabarar da suka fara yi ita ce, aka aika mutane kamar masu cefane, su sayi kaya iri biyu da awo mai wuyar lissafi, watau ba kilo ɗaya cif ba, sa'an nan su miƙa babbar takardar kuɗi su jira canji. Kusan dukkan yaran suka ba da canji daidai, galibi da ka, ba takarda ba alƙalami. Amma da aka rubuta wa na Kalkata lissafin rabawa irin na aji, lamba mai gida uku a raba ta da mai gida ɗaya, kamar ɗaya cikin uku ne kaɗai suka iya.

Daga nan aka juya wajen 'yan makaranta 471 waɗanda ba su taɓa zaman kasuwa ba. Su kam sun fi iya lissafin allo mai sauƙi. To, amma da aka kawo musu wata tambaya ta ciniki wadda fiye da sulusin 'yan kasuwan suka warware, ɗaya cikin ɗari ne ya samu amsa. Nan ne abin takaicin yake, domin waɗannan su ne aka kashe wa kuɗin littattafai.

Ba a Indiya aka fara lura da haka ba. Tun a 1985 waɗansu masana uku suka buga labarin 'yan talla biyar na birnin Resife a ƙasar Barazil. Aka tambayi yaro guda kuɗin kwakwa goma, kowace a kan 35. Bai yi amfani da dokar ƙara sifiri ba, sai ya ce uku 105 ne, ya tara 105 sau uku, ya ɗora 35, ya ce 350. Hanya ce mai nisa, amma ta kai gida. Duk wanda ya tsaya wajen mai tallar ƙosai ya ga irinta: ta kan ƙirga cikon kuɗi daga farashi zuwa abin da aka ba ta, ba ta yin ɗebewa irin ta allo.

Abin da za a ce wa uban yaro ke nan: lalle ɗansa yana da basira, amma basirar ta tsaya bakin faifan talla. Ba za ta cika masa takardar banki ba, ba za ta karanta masa awon taki ko na maganin feshi ba, balle ta kai shi ga cin jarrabawa. Malamin makaranta kuma shi ma akwai nasa kason. Yaron da ya zo aji yana iya canjin naira dubu da ka, bai kamata a ɗauke shi kamar wanda bai san kome ba, a sa shi haddace dokoki yana rerawa. Kamata ya yi a tambaye shi yadda ya yi, a rubuta hanyarsa a allo, sa'an nan a nuna masa gajeriyar hanya ta littafi kusa da ita.

Kada kuwa a zaci sauya littafi kaɗai zai yi magani. An taɓa kawo Lissafin Zamani makarantun Nijeriya, wanda aka fara tsara littattafansa a Entebbe ta ƙasar Uganda a 1962, amma a 1977 gwamnati ta soke shi daga firamare, malamai da yawa ba su ko gama gane shi ba.

Hakimi ko malaminsa in ya kai ziyara makaranta yana iya gwada abin da kansa cikin minti goma. Ya tambayi yaran aji huɗu da baki, cikin Hausa, kuɗin mudu uku da rabi na gero a farashin kasuwar garin, da canjin da zai rage. Bayan haka ya sa a rubuta lissafin nan da lambobi tsura a allo. Ya ƙidaya waɗanda suka ci na farko, da waɗanda suka ci na biyu, ya zauna da hedimasta su duba.