Tukunyar da ta tarwatse mini a Ingila



A hutun da ya wuce na biya kuɗi na shiga horon kwana biyu na ginin tukwane a nan Ingila. Na je da taƙamar ai ni injiniya ne. Da aka zo gashi, tukunyata ce ta tarwatse. Gindinta ya yi kauri, bai bushe ba, ruwan ciki ya zama tururi ya fasa ta.

Wallahi kakata na tuna. Maginiya ce. Takan daka tsingaro ta cuɗa a yumɓu, ta shanya tukunya a inuwa kwana da kwanaki kafin ta kai ta wuta. Ban taɓa zama na koya ba, har Allah Ya yi mata rasuwa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, irin wannan ginin hannu ta zo ta nuna wa Turawa.

Roƙona ga ƙungiya: mu ware Asabar ɗaya kowane zango. Mai ɗinkin hula, mai saƙar faifai, kowa ya koya mana abin da ya iya. In kuma mun je gida, mu zauna da tsofaffinmu tun suna raye.