Gida a Gangaren Dutse: A Bi Tudu ko a Sare Shi?

Wanda ya zaga Guzape, Katampe ko Asokoro a Abuja zai ga yadda gine-gine suke hawa duwatsu, domin fili shimfiɗaɗɗe ya yi wuya, mai hali kuma yana son iska da hangen gari. Hanyar da aka saba bi ita ce a kawo katafila ta sare gefen sama, ta tura ƙasar gefen gangare a yi ciko, sannan a ɗora zanen da tun asali domin filin kwance aka yi shi. Ni a ganina wannan kuskure ne babba. Tudun ne ya kamata ya tsara gidan, ɗaki ya sauka inda ƙasa ta sauka.

Hujjata ta farko tana ƙarƙashin harsashi. Ƙasar da aka sara ta daɗe a danne, ba ta motsi, amma ciko komai dandaƙarsa sai ya ƙara zama bayan damina. Gidan da rabinsa ke kan falalen dutse, rabi kan ciko, zai tsage daidai inda biyun suka haɗu. Sai kuma bangon da ke tare ƙasa. Ƙarfin da ƙasa ke tura bango ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsayinsa: bango mai mita 4 yana ɗaukar ninki huɗu na abin da mai mita 2 ke ɗauka. Idan ruwa ya taru a bayansa lamarin ya ƙara muni, tunda kowace mita guda ta ruwa, tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta tan ɗaya ne. Yawancin bangayen da ke faɗuwa ruwan da aka hana hanya ne ya kayar da su, shi ya sa tsakuwa a bayan bango, da ramukan tsiyaya, da magudana a saman gida suka fi yawan siminti muhimmanci. A ranar 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana ruwa, gefen dutsen Sugar Loaf ya zaftare a kan unguwar Regent ta birnin Freetown a Saliyo, inda aka daɗe ana sare itatuwa ana gini a gangare, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓata.

Wannan ilmi ba sai mun je Turai neman sa ba. Mutanen Sukur a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, sun yanka tsauninsu mataki-mataki, kowane mataki da gajeren bango na dutse wanda ba a liƙe da komai ba, ruwa ya bi tsakanin duwatsun ya wuce, ƙasa ta tsaya. Gidan zamani yana iya bin wannan hikima da rodi da kankare. Safiyo ya fara auna hawa da saukar filin, injiniya ya haƙa ya ga zurfin dutse, sannan mai zane ya ajiye zaure da garejin mota daidai da titi, falo ya sauka rabin bene, ɗakunan kwana su ƙara sauka, kowane sashe da harsashinsa a kan ƙasa ta asali.

Za a ce wannan ya fi tsada. Gaskiya ne kuɗin awo da zane sun fi yawa, amma a lissafa fasa dutse, da tifa-tifar ciko, da katafaren bango guda, da gyaran tsaga shekara bayan shekara, a gani ko arahar tana nan. Za a kuma ce tsofaffi da marasa lafiya ba sa iya matakala. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma ban yarda a raina shi ba. Maganinsa a zane yake: gangare yana ba kowane hawa damar samun ƙofa daidai da ƙasa, don haka ɗakin iyaye da banɗakinsu da kicin su zauna a hawan da ake shigowa.

Ƙorafin da ya fi wuya shi ne na sutura. A gidan Bahaushe tsakar gida wurin iyali ne, a gangare kuwa maƙwabcin sama yana iya hango ta komai tsayin katanga. Ƙara wa katanga tsayi ba ya magance wannan, sai ƙara wa ƙasa nauyi. Abin da ke aiki shi ne a sa ginin kansa ya ba tudu baya, ya kare tsakar gidan, tagoginsa su fuskanci kwari, a rufe sashen mata da rumfa da inuwar bishiyoyin da aka tarar a filin. Saboda haka kafin katafila ta shiga, mai zane ya sa wa waɗannan bishiyoyi alama, domin saiwarsu na cikin abin da ke riƙe gangaren.