Turancin Jiya: Yadda Ake Faɗin Abin Da Ya Wuce

 Darasinmu na yau na Turanci ne, kan yadda ake faɗin abin da ya riga ya faru. Wadda ke da takarda da fensir a kusa ta jawo su. Wadda kuma hannunta ke cikin wanke-wanke ta ci gaba da abinta, kunnenki kawai nake so.

Mu a Hausa, ɗan abin da ke zuwa kafin kalmar aiki shi ke nuna lokaci: na dafa, zan dafa, nakan dafa. Ita "dafa" tana nan yadda take. Bature kuwa kalmar aikin kanta yake taɓawa. "Cook" shi ne dafa. In an riga an sauke tukunya, sai a manna mata "ed" a ƙarshe: "I cooked rice yesterday", wato na dafa shinkafa jiya. Haka "washed", haka "cleaned". Daɗin abin, ba ruwanta da wanda ya yi aikin. Ni, ke, ita, su, duk "cooked" ne. Sai dai ki kula da furuci. Bakinmu ya saba cusa wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa za ki ji yaro ya ce "kukid". "Kukt" ake cewa, a gajarce. Sai in kalmar ta ƙare da sautin t ko d ne ake ƙara gaɓa, kamar "wanted" da "needed".

To, akwai masu taurin kai da ba su karɓar "ed", kuma abin haushi su ne na bakinmu kullum. "Go" ya zama "went", "eat" ya zama "ate", "buy" ya koma "bought", "sell" ya koma "sold", "take" kuwa "took". Su "put" da "cut" ko gezau ba su yi. Waɗannan ba wata dabara sai hadda. Ki ɗauki biyar a mako, ki rubuta da gawayi a bangon madafi.

Yanzu ga inda nake so ki baza kunne. In za a yi tambaya, ko za a ce ba a yi abu ba, sai a kira ɗan dako, sunansa "did". Da ya iso, shi ke ɗauke kayan jiya, kalmar aiki ta sauke nata ta koma yadda take tun farko. "She went" ne ta tafi. Amma ba ta tafi ba, "She did not go", ko a gajarce "She didn't go". Ta tafi? "Did she go?" Kin ga "went" ya ɓace. Duk ranar da kika ji ɗanki ya ce "Did you went", ki tsayar da shi, don irin wannan ne malami ke ja wa jan biro. "Was" da "were" su kam ba su neman ɗan dako, da kansu suke tambaya: "Was she ill?", ba ta da lafiya ne? Amsa, "No, she wasn't."

Wata za ta ce, ni da nake cikin kulle, ina ruwana da Turanci? Ai ko ba a fita kasuwa, ana fita asibiti. Wani lokaci likitan da za ki tarar ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba, kuma yawancin tambayoyinsa kan abin da ya wuce ne. "When did it start?", yaushe ya fara? "Did he vomit?", ya yi amai? A nan akwai rami. In aka tambaye mu "Ba ki ba shi maganin ba?", mukan ce "E", muna nufin e, ban ba shi ba. In likita ya ce "Didn't you give him the medicine?" kika ce "Yes", shi abin da zai rubuta shi ne yaro ya sha. Daga nan yana iya ɗaukar cewa maganin ne bai yi aiki ba, ya canza wani, alhali na farkon yana nan cikin leda. Don haka kada ki tsaya kan kalma ɗaya. In kin bayar, "Yes, I did." In ba ki bayar ba, "No, I didn't." In kuma tambayar ta shige miki duhu, ki nemi nas mai jin Hausa, ba abin kunya ba ne.

Sannan ga yara. Ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci a jarrabawar fita sakandare, kuma wannan "did" ɗin tun a firamare ake samunsa ko a rasa shi. In sun dawo makaranta sun cire kaya, ki tambayi ɗaya: "What did you learn today?" Zai yi dariya da farko, ya ce yau Inna ta zama Baturiya. Ki bar shi ya dara, amma sai ya amsa.

Kafin mu sake haɗuwa, ki rubuta abu uku da kika yi jiya, da abu biyu da ba ki samu yi ba. Ki ba yarinyarki ta duba, sannan ke ma ki duba littafinta. Sai mako mai zuwa, a gaida mutanen gida.