Jawabin Babban Mai Ƙaddamarwa a Bikin Fitowar Littafi kan Jirgin Vasa



Littafin da ya tara mu yau labarin jirgin ruwan yaƙi ne na ƙasar Suwidin, mai suna Vasa. Sarki Gustav Adolf ne ya sa aka ƙera shi, aka ɗora masa igwa 64 ta tagulla a hawa biyu. Ranar 10 ga Agusta 1628 ya bar gaɓar birnin Stockholm, jama'a na kallo. Bai cika kilomita ɗaya da rabi ba iska ta karkata shi, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse da rayuka kusan 30.

Abin takaicin shi ne an ga alamar tun kafin tafiya. An sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan a kan jirgin don a gwada zamansa. Zuwa uku kawai suka yi aka tsayar da su, don gudun kada ya kife. Saman jirgin ya yi nauyi da yawa, amma sarki na fagen fama yana matsa lamba, ba wanda ya hana tafiyar. Wanda ya ƙi ji, ai ba ya ƙi gani ba. An yi bincike, ba a hukunta kowa ba.

Shekara 333 jirgin ya yi cikin laka. Abin da ya tsare shi shi ne ruwan tekun Baltik, wanda gishirinsa bai kai yadda tsutsar da ke cin katako za ta rayu ba. Anders Franzén ya gano inda yake a 1956. Masu nutso suka haƙa ramuka shida a ƙarƙashinsa, cikin duhu da sanyi, suka zura igiyoyin ƙarfe, aka ɗago shi ranar 24 ga Afrilu 1961.

Ranku ya daɗe, a nan aikin ya soma. Katakon da ya sha ruwa, in ya bushe da gaggawa, tsukewa yake yi ya tsattsage. Shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma, sannan aka bar shi ya bushe sannu a hankali. Sai a 1990 aka buɗe gidan tarihinsa. An taskace takalma, da cokulan katako, da kuɗin tagulla, da ƙasusuwan waɗanda suka mutu. Da su muka san rayuwar talakan sojan ruwa, wanda takardun fada ba su kula da shi ba.

Mu ma muna da kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 a yankin da yake jihar Yobe yanzu, mai shekara kusan 8,000. Haƙuri da kuɗin da Vasa ya samu, shi ma su yake bukata, kuma ɗalibanmu ne za su koyi wannan aiki.

Da sunan Allah nake ƙaddamar da wannan littafi. Allah ya saka wa marubucin da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.