Iyaka Tsakanin Jigawa Da Bauchi: Hanya Ce Ko Ganuwa?



Abin da muke so mu yi magana a kansa yau shi ne hanyar da ta ratsa ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram, da kuma shingayen da ke kanta. Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Kwanar Huguma, zai iso Birnin Kudu, sa'an nan Babaldu. A nan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Ningi har Bauchi, ɗaya kuwa ta bi ta Gwaram da Basirka. Duk wadda ya bi, ba zai daɗe ba sai ya tsinci kansa cikin Jihar Bauchi.

Wannan iyaka ta taɓa zama ta gaske. A shekarun 1840 waɗansu malamai, bisa jagorancin Malam Hamza, suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano suka fake cikin duwatsun Ningi. Daga nan aka yi ta kai hare-hare tsakanin Ningi da Kano har ƙarshen ƙarnin, kuma garuruwanmu na kudu su ne a bakin daga. Kakanninmu sun san abin da ake nufi da rufe ƙofar gari tun rana ba ta faɗi ba.

Iyakar yau kuwa ta mulki ce kurum. A 1967 aka kafa Jihar Kano da ta Arewa Maso Gabas. A 1976 aka fitar da Bauchi, a ranar 27 ga Agusta 1991 kuma aka fitar da Jigawa daga Kano. An yi haka ne don a kusantar da gwamnati ga talaka. Manomin Surko da ɗan'uwansa na Ningi kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, kuma sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowannensu 'yancin zirga-zirga a ko'ina cikin Nijeriya.

To, ina maganar shinge? Ba mu ce ba shi da amfani ba. Ƙasar da ta sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu lalle ta bukaci a riƙa duba abin da ke wucewa. Amma kowa ya shiga motar haya ya ga yadda direba ke miƙa hannu ta taga, ba a dubi takarda ba, ba a buɗe kaya ba. Wannan kuɗi ba daga aljihun direba yake fita ba. Zai ɗora shi a kan kuɗin buhu, ɗan kasuwa ya rage wa manomi farashin riɗi da gero, mai saye kuma ya biya da tsada. Shingen da ake wucewa da kuɗi, ɓarawo ne zai fi kowa saurin wuce shi.

Ba doka muka rasa ba. A 1998 doka mai lamba 21 ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. A 2012 Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Mohammed Abubakar, ya ba da umurnin a kwashe shingaye. A 2020, lokacin annobar korona, aka hana tafiya tsakanin jihohi, muka ga yadda iyakar takarda ke iya komawa ganuwa cikin dare ɗaya.

'Yan'uwa, gobe mu ne jami'an haraji na ƙananan hukumomi, mu ne manyan 'yan sanda, mu ne masu sa hannu. Ranar da aka kawo mana takardar neman sabon shinge, mu tambaya: wa zai tsare, kuma wa zai biya? In amsar ta biyu manomi ce, to, mu mayar da takardar inda ta fito.