Launin da Ya Karɓe Ki da Kwalliyar da Ba Ta Cutarwa: Jawabin Wata Mamba Mai Sayar da Atamfa a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan uwana mambobi, da ɗiyanmu 'yan mata da suka rako mu, ina gaishe ku baki ɗaya. Mun gode wa Allah da Ya nuna muna wagga rana lafiya. Shugabanni sun ce in yi magana kan abin da na sani, to ni abin da na sani atamfa ne da mayafi da kayan kwalliya, don su nake kasawa a kasuwa. Takardar ga da ke hannuna kuwa ni na rubuta ta da kaina, albarkacin ajin yamma. A yi haƙuri da karatun, sannu sannu za ni bi.

Maganar launi wasu za su ɗauke ta wasa, amma kuɗi ne. Mace ta yi wata da watanni tana zubin adashi, ranar da ta kwasa ta sayi turmi guda, yadi shida, ta biya tela, ta sa sau ɗaya, sai ta ninke shi ta jefa ƙasan akwati don an ce mata ta yi duhu ko ta yi kamar mai jinya. Atamfar ba ta da laifi, ita ma ba ta da laifi, launin ne bai karɓe ta ba. Ga uwa mai haɗa kayan ɗiya kuwa, asarar ninki ce. Shi ya sa nake son kowace ta bar wurin ga da sanin nata launi.

Fatar mata, in kun lura, ba ta tsaya ga baƙa da fara da wankan tarwaɗa ba. Cikin kowace akwai mai ɗumi da mai sanyi. Mai ɗumi ita ce wadda in rana ta haske ta za ki ga kamar ja-ja ko ruwan zuma a ƙarƙashin fatar. Mai sanyi kuwa sheƙinta ya fi karkata wajen shuɗi, kamar turkuɗin da aka buga. Yau kan mai sanyin zan fi tsayawa, musamman wadda Allah Ya yi wa kamanni masu rarrabewa sarai: baƙa mai sheƙi, farin idonta tas, haƙoranta tas, ko kuma fara mai baƙin gashi ƙirin da baƙar gira, irin da muke gani da yawa cikin 'yan uwanmu Fulani. Malama ta gaya muna Turawan Amurka sun kasa mata kashi huɗu da sunan lokutan shekara, wannan kashin suka sa mashi sunan lokacin sanyi. Mu ba sai mun je can ba, ga gwaji biyu da ba su cin ko sisi.

Na farko, da hantsi, ki wanke fuska, kar ki shafa komi, ki zauna inuwar zaure ko bakin ƙofa inda haske ke shigowa. Ki sami ƙyalle fari fat da wani mai ruwan madara. Ki kara ɗaya ƙarƙashin haɓa, ki cire, ki kara ɗayan. In farin fat ya sa idonki ya fito, fuskar ta washe, ruwan madaran kuma ya sa kin yi dushi-dushi, to ke mai sanyi ce. Na biyu, ki gwada ɗan kunnen azurfa a kunne guda, mai ruwan gwal a ɗayan. Mai sanyi azurfa ta fi zama mata. Ki kira ƙawar da ba ta ɓoye maki gaskiya ta duba, don madubi ba ya magana.

To in kin tabbata ke ce, launinki shi ne mai ƙarfi, mai tsabta, wanda bai gauraya ba. Fari fat, baƙi ƙirin, shuɗin baba mai duhu, kore shar mai duhu, shunayya, ja wur, ruwan zoɓo, da ruwan hoda mai kauri. Atamfa mai manyan zane, fari da baƙi ko fari da shuɗi, wadda ke danne wasu matan, ke ɗaga ki take. Iyayenmu sun san haka tun da daɗewa. Ku tuna yadda baƙar mace ke fitowa cikin zanen da aka rina da baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ko turkuɗin Kura mai walƙiya. Ba makaranta suka shiga ba, idonsu ne ya gaya masu.

Waɗanda za ki yi taka-tsantsan da su kusa da fuska su ne ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan ɗorawa da duk launin da ya yi kamar ya koɗe. Waɗannan na masu ɗumi ne. Wankan tarwaɗa mai ja-ja ta sa ruwan goro da sarƙar gwal, sai ku ce amarya. Kowace da rabonta, babu wadda aka bari a baya.

Na san wata za ta ce, to anko fa? An fitar da anko ruwan ƙasa, ni kuma bai karɓe ni ba, in ƙi yi a ce na raina biki? Yi ankonki, 'yar uwa. Abin da ke kewaye da fuska shi ke yin aikin, wato hijabi, mayafi da ɗankwali. Ki duba cikin zanen atamfar, da wuya ki rasa ɗan fari, ɗan shuɗi ko baƙi, sai ki sayi mayafi mai wannan launin. Mu da muke yini cikin hijabi, gara mace ta mallaki guda biyu da suka karɓe ta da ta tara shida da ba ta jin daɗin sawa.

Ga masu sayayya, ko a Anka, ko Gummi, ko Talatar Mafara, ko Gusau, kar ki zaɓi launi ƙarƙashin ƙwan lantarki ko cikin duhun rumfa. Ki ce a fito maki da shi waje. Ki jiƙa gefen farin ƙyalle ki goga a bakin zanen, in ya kama launi sosai, to zuba zai yi ranar wanki. Mu da ke saro kaya daga Kantin Kwari mun san akwai mai kyau, akwai ta banza mai kama da ita, kuma araha ba ta ado. Abokan sana'ata, mu gaya wa mai saye gaskiya. Wadda kika ce mata wancan ya fi karɓar ki, ko da ya fi sauƙin kuɗi, ita ce za ta dawo maki da ƙannenta.

Sai kwalliyar fuska. Hoda ki gwada ta a muƙamuƙi, kar ki gwada a bayan hannu, ki zaɓi wadda ta ɓace cikin fatarki. Hodar da ta fi ki haske ita ke sa fuska ta yi toka-toka, wuya baƙi fuska fara, kowa ya gane. Janbaki ga mai sanyi, ruwan zoɓo ko ja mai duhu. Mai ruwan goro ki bar wa masu ɗumi. Jagira baƙa ta ishe ki, kar a cika.

Yanzu na zo inda nake roƙon ku saurara da kunnen basira, don mu mutanen Abare ba a ba mu labarin gubar dalma. A 2010 muka ga abin da ta yi a nan, da Dareta, da 'Yargalma, da Sunke, da Bagega da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu, Allah Ya sa masu ceto ne. Likitocin MSF suka zo, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka hana niƙan dutsen zinari cikin gida. Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, tozalin dutse mai ƙyalƙyali da ake daka mu zuba a tandu, wanda wasu ke kira kwalli, sau da yawa shi kansa dutsen dalma ne. A 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Da aka bincika, tozalin da ake sa mashi ne, aka auna shi aka tarar kashi 82 cikin 100 da ɗoriya dalma ce. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, haka take shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin yaro da za a ce ba ya lahani, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Na san tozali ado ne na iyaye da kakanni, malamai ma sun yi maganar ismidi. Amma ido ba ya iya raba ismidi na gaskiya da dutsen dalma a kan tire a kasuwa. Don haka roƙona, a daina sa wa jarirai tozalin dutse, ko ranar suna. Mai ciki da mai shayarwa su ma su haƙura da shi. Mai son baƙin ido ta nemi na fensir mai lambar NAFDAC. Kar garin neman gira a rasa ido.

Haka man bilicin. A 2023 hukumar NAFDAC ta fito ta ce shafe-shafen canza fata ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu suna sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa, wasu su bar baƙin tabo a kumatu da gaɓoɓin yatsu. 'Yan matanmu, ku ji ni da kyau: baƙar fata mai sheƙi ita ta fi kowace ɗaukar fari fat da shuɗi da ja. Wadda ta goge ta da mai ta zubar da jarinta. Man kaɗanya da sabulun salo sun ishe ki gyara. Lalle ma, jan na ganye lafiya lau ne, amma baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona wasu har fata ta tashi. A gwada ɗan kaɗan a hannu kwana biyu kafin ranar ƙunshi.

Shawarata ga shugabanni guda biyu ce. Duk mambar da ke sayar da kayan kwalliya ta yi alkawarin ba za ta kasa tozalin dutse ko man bilicin ba, ni ce ta farko da za ta sa hannu. Sannan a taron wata mai zuwa kowace ta zo da mayafai biyu ko uku, mu zauna inuwa mu gwada wa juna, kowace ta tafi da sanin launinta kafin sayayyar salla. Ta haka kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya raya muna ɗiyanmu cikin lafiya, Ya dawo muna da zaman lafiya a Zamfara, mu ci kasuwanninmu ba tare da fargabar hanya ba. Inda na yi daidai daga Allah ne.